Me zan ci kafin gwajin tuƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama makarantar koyon tuƙi, an ba ni ranar Talata mai zuwa in je gwaji wurin jami'an VIO masu duba ababen hawa, an ce mu hallara ƙarfe takwas na safe. Matsalata ita ce duk ranar da nake cikin fargaba abinci ba ya shiga. Wani abokina ya ce in tafi cikina wayam don kada kasala ta kama ni, wani kuma ya ce in kwankwaɗi lemon ƙara kuzari a bakin ƙofa. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'a. Kada ka ɗauki ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu. Ka karya da abin da cikinka ya saba da shi, ka ci kamar biyu bisa uku na abin da kake ci kullum, ka gama ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin lokacin da aka ba ka, sannan ka riƙe ɗan guzuri da ruwa, domin an ce takwas ba ya nufin takwas ɗin za ka zauna a kan sitiyari.

Bari mu fara da zancen tafiya da yunwa. Idan ka ci abincin dare ƙarfe takwas, aka kira ka gwaji ƙarfe goma ko sha ɗaya na safe, ka yi awa 14 zuwa 15 ke nan babu abin da ya shiga cikinka. Ƙwaƙwalwa ba ta fi kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma da sukarin jini take aiki. A cikin dare hanta ce ke sakin sukarin da ta adana a hankali, zuwa hantsi ajiyar ta yi ƙasa. Mai lafiya ba zai faɗi sumamme saboda bai karya ba, jiki yana da hanyoyin riƙe sukarinsa. Abin da ke faruwa ya fi haka ƙanƙanta, amma ya isa ya kayar da mutum a gwaji: hankali ya riƙa tsinkewa, haƙuri ya ragu, hannu da ƙafa su ɗauki rawa. To ga kuma fargaba, wadda ita ma rawar jiki da gumi da bugun zuciya take kawowa. Yunwa da tsoro alamominsu iri ɗaya ne, idan suka haɗu sai kowanne ya ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

Ka duba abin da ake nema a wurinka lokacin da jami'i ya ce ka yi ribas ka shiga tsakanin sanduna. Ƙafarka ta hagu tana riƙe da kuloci a daidai inda mota ta fara ɗagawa, wurin da bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ta dama tana shawagi tsakanin totur da birki. Idonka na kan madubai uku, hannu ɗaya na juya sitiyari, kunnenka na jiran umarni. Da cinyar hagu ta fara kyarma, ƙafar za ta ɗaga fiye da kima, mota ta yi tsalle ta mutu. Ka sake tayarwa, ka manta ba ka mayar da giya firi ba, ta sake zabura. Wasu masu faɗuwa ba rashin iya tuƙi ke kayar da su ba, irin wannan jerin ƙananan kurakuran ne, ɗaya na jawo ɗaya. Abinci ba zai koya maka ribas ba, amma zai cire ɗaya daga cikin dalilan da ke sa ƙafa rawa.

Abokinka na farko yana da gaskiya a abu ɗaya: ƙoshi ma matsala ne. Wanda ya zauna ya tashi da malmala biyu ta ɗumamen tuwo da miyar kuka da man shanu, ko ya dama fura ƙwarya guda ya shanye, zai isa filin gwaji yana hamma. Abinci mai yawa, musamman mai maiƙo, yakan yi awa uku zuwa huɗu kafin ya bar tumbi, kuma a tsawon wannan lokaci jiki ya karkata ga narkarwa, ido na yin nauyi, martanin ƙafa a kan birki na yin jinkiri. Ga bel ɗin kujera da zai danne cikakken ciki, ga gyatsa da ƙwannafi. Fura da nono abinci ne mai kyau, amma kowa ya san barcin da take saukarwa. Ka bar ta sai ka dawo.

Abin da ake so a karin kumallon ranar shi ne haɗin abu biyu: mai ba da ƙarfi, wato hatsi ko burodi ko dankali, da mai riƙe ciki, wato ƙwai ko wake ko gyaɗa ko madara. Na farkon shi kaɗai yana shiga jini da sauri ya fita da sauri. Na biyun ne ke rage masa gudu, ya sa ƙarfin ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan har azahar. Shi ya sa koko da ƙosai ya fi koko zalla nesa ba kusa ba. Koko zalla da sukari cokali uku, bayan awa ɗaya da rabi za ka ji kamar ba ka sha komai ba. Amma kofi ɗaya madaidaici na koko da ƙosai huɗu ko biyar zai kai ka. Idan ƙosan ya sha mai sosai, ka matse shi a takarda.

In kai ɗan teburin mai shayi ne, shayi kofi ɗaya da madara, burodi yanka biyu ko uku, da ƙwai biyu sun wadatar. Dafaffen ƙwai ya fi sauƙi a ciki a kan wanda aka soya yana ninƙaya a mai da attaruhu. Ka ce wa mai shayin sukari ƙwaya biyu, domin in ka bar shi da hannunsa zai zuba biyar. Kunun gyaɗa shi ma zaɓi ne mai kyau, tunda ya riga ya haɗa shinkafa da gyaɗa a kofi ɗaya. Alala ƙulli ɗaya ko biyu da koko, ko waina uku da 'yar miya marar yaji, duk sun yi. Ɗanwake da shinkafa da wake kuwa, sai wanda ya tabbatar ba sa kumbura masa ciki. Ba ka son ka zauna da baƙo a cikin mota, gilashi a rufe, kana fama da iska a ciki.

Za ka ji ana cewa ayaba tana kwantar da fargaba, har a Ingila ta zama al'adar masu zuwa gwajin tuƙi. Babu wani sirri a cikinta da zai kwantar da hankali cikin minti goma. Amfaninta a fili yake: ayaba madaidaiciya na ɗauke da kusan giram 25 na sitaci da sukari, ba ta da maiƙo, ba ta buƙatar taunawa sosai, kuma tana zuwa da marufinta. Wannan kaɗai ya isa a saka ta a aljihun jaka.

Yanzu ga ainihin matsalarka, wato abinci ba ya shiga. Wannan ba ciwo ba ne. Idan mutum ya tsorata, jiki yana janye jini daga hanji ya tura wa gaɓoɓi, yawu ya ƙafe, tumbi ya rage motsi. Shi ya sa burodi ke zama kamar auduga a baki. Maganin shi ne ka sha abin da ba za ka iya tauna ba. Kunun gyaɗa mai ɗumi, ko koko da madara, ko yogot ƙaramin gora, a kurɓa a hankali cikin minti ashirin. Ka bi shi da ayaba ɗaya ko dabino uku. Kada ka tsaya jiran jin yunwa, ba za ta zo ba. Ka sa wa kanka lokaci: an idar da sallar asuba, an yi wanka, ƙarfe shida ko shida da rabi ka zauna ka sha. Kuma tunda da sauran kwanaki kafin Talata, ka gwada wannan karin kumallon sau biyu ko uku a ranakun da za ka fita atisaye da malaminka. Ka ci a lokacin da za ka ci ranar gwaji, ka yi tuƙi bayan awa biyu, ka ga yadda cikin ya karɓa. Ranar gwaji ba ranar gwada sabon abinci ba ce.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne wurin jira. An tara mutane da yawa a lokaci guda, ana duba takardu, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci a fara da tambayoyin alamomin hanya kafin a fita fili. Wanda ya karya ƙarfe shida, aka kira shi sha biyu da rabi, ya koma daidai da wanda bai karya ba, ga shi ya sha rana. Don haka ka tafi da ayaba biyu, dabino biyar ko bakwai, gyaɗa ƙulli ɗaya ko biskit marar kirim, da gorar ruwa. In awa uku ta wuce da karyawarka ba a kira ka ba, ka ci ayaba ɗaya da 'yar gyaɗa. In ka ga saura mutum biyu ko uku a gabanka, ka ci dabino biyu, ka kurɓi ruwa, ka je ka kama ruwa, ka wanke hannu. Wanke hannun ba don tsafta kaɗai ba ne: tafin hannu mai maiƙon gyaɗa ko danƙon dabino yana zamewa ko mannewa a sitiyari, kuma tafin mai fargaba dama a jiƙe yake.

Sai shawarar abokinka na biyu, wadda ta fi ta farkon haɗari. Abin da ke aiki a lemon ƙara kuzari shi ne sukari mai yawa da sinadarin kafeyin, wanda ke cikin kofi da shayi da goro. Ƙaramin gwangwani mai mililita 250 yakan ɗauki kusan miligiram 80 na kafeyin, manyan gorunan da ake sayarwa a bakin titi kuma sun fi wannan girma, ka duba jikin gorar za ka ga adadin. Shayi kofi ɗaya yana da kusan 40 zuwa 50. Kafeyin yana kai ƙololuwarsa a jini cikin minti 30 zuwa 60, kuma bayan kamar awa biyar rabinsa na nan bai fita ba. Aikinsa shi ne kore barci. To kai ba barci ne matsalarka ba, ka riga ka farka fiye da yadda ake so. Idan ka zuba kafeyin a kan fargaba, musamman a ciki wayam, abin da za ka samu shi ne ƙarin bugun zuciya, ƙarin rawar yatsu, gaggawa wurin sakin kuloci, da fitsari da zai matsa maka a daidai lokacin da aka kira sunanka. Ga wasu ma har hanji yake motsawa. Masu shan sa suna jin kamar sun fi kowa kaifi, amma jami'in da ke gefenka natsuwa yake aunawa: ka duba madubi kafin ka tashi? Ka ba da sigina da wuri? Ka tsaya cak a inda aka ce a tsaya?

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen. Wanda ya saba shan shayi mai kauri ko Nescafe kowace safiya, ko ya saba tauna goro, kada ya daina ranar gwaji wai don ya natsu. Jikin da ya saba da kafeyin, in aka hana shi, cikin awa 12 zuwa 24 ciwon kai da kasala suke saukowa. Ka sha daidai abin da ka saba, a lokacin da ka saba, bayan ka sa wani abu a ciki. Kada ka ƙara, kada ka rage. In ba ka saba cin goro ba, ko wani dattijo ya ɓara ya miƙo maka a wurin jira, ka karɓa ka gode ka sa a aljihu.

Ruwa ya fi duk waɗannan muhimmanci, kuma shi aka fi rainawa. Mutane da yawa suna ƙin shan ruwa da gangan don gudun fitsari. A shekarar 2015 masu bincike a Jami'ar Loughborough da ke Ingila sun sa direbobi tuƙi na awa biyu a na'urar kwaikwayon tuƙi, suka ga cewa ranar da aka rage musu ruwa kurakuransu, irin su kauce wa layi da jinkirin taka birki, sun ninka. Wannan a cikin ɗaki ne, ba a filin Kano ko Sakkwato a watan Afrilu ba, cikin motar koyo da ba ta da na'urar sanyaya wuri. Dabarar ita ce ka sha da wuri. Leda ɗaya ta fiya wata, wato rabin lita, tsakanin tashinka daga barci da karyawa, don abin da zai fita ya fita kafin ka bar gida. Daga nan sai kurɓa biyu ko uku duk rabin awa. Launin fitsari zai gaya maka gaskiya: in ya yi fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske, ka wadatu, in ya yi duhu kamar shayi, da saura. A lokacin hunturu ma haka, domin iska na busar da jiki ba tare da an ji ƙishirwa ba. Mai cutar sikila ya fi kowa buƙatar kiyaye wannan.

Daren Litinin ka ci tuwonka na gida kamar kullum, da wuri. Ka guji tsire mai yaji da yawa, da abincin biki da ya yini a kula, da kunun aya ko zoɓon da ba ka san lokacin da aka haɗa shi ba, da kwaɗon ganye na talla. Wasu nau'o'in gubar abinci cikin awa ɗaya zuwa shida suke tayar da amai, wasu sai washegari zawo ya tsinke, kuma cikin mai fargaba dama kaɗan yake jira. Kada ka sha shayi mai kauri bayan la'asar. Ka kwanta da wuri ko da barcin bai zo nan take ba. Bincike ya nuna wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, kuzarinsa a kan aiki yana raguwa kamar na wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, iyakar da ƙasashe da dama suka sa wa direbobi. Babu karin kumallon da zai gyara daren da aka kashe a kan waya ana kallon bidiyon yadda ake fakin.

Ka kula da magunguna, domin nan ma ana shiga rami ba a sani ba. Piriton da yawancin magungunan mura da ake saya a kemis suna ɗauke da sinadarin da ke sa barci, kuma wanda ya sha da dare yana iya tashi da sauran nauyinsa a kai. Haka magungunan buɗe ciki da ake sha don ƙiba, da wasu magungunan tari. In mura ta kama ka a makon, ka gaya wa mai kemis cewa tuƙi za ka yi, ya ba ka wanda ba ya sa barci. Kada kuma ka karɓi ƙwayar kwantar da hankali daga hannun kowa, irin su Valium, balle tiramadol. Suna rage tsoro ne ta hanyar rage saurin ƙwaƙwalwa, kuma wannan saurin shi kake buƙata in ɗan adaidaita ya yanko gabanka. Maganin da likita ya ɗora ka a kai kuwa, kamar na hawan jini, ka sha shi a lokacinsa.

Mai gyambon ciki kada ya kuskura ya fita bai ci komai ba, kuma ya nisanci kofi da lemon kwalba mai gas da yaji a safiyar.

Mai ciwon sukari lissafinsa daban ne, musamman wanda ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, domin su ne ke iya sauke sukari ƙasa da kima. Ya karya kamar kullum, ya sha maganinsa kamar kullum, kada ya sha magani ya tsallake abinci. Ya tafi da na'urar awonsa, ya auna dab da shiga mota. Ƙa'idar da hukumar lasisin tuƙi ta Birtaniya ke bai wa masu insulin tana da sauƙin riƙewa: in awo ya nuna 5.0 ko ƙasa da haka, wato 90 a na'urorin da ke ƙirga da manyan lambobi, a ci wani abu kafin a tuƙa. In ya sauka ƙasa da 4.0, wato kusan 70, ko aka ji gumi mai sanyi da jiri da rawar jiki, ba a tuƙi. A sha sukari mai saurin shiga jini kimanin giram 15, wato sukari mai ƙwaya guda uku ko rabin kwalbar lemo wanda ba na masu ciwon sukari ba, a sake aunawa bayan minti 15, a bi da burodi ko biskit, sannan a jira minti 45 bayan awo ya daidaita, saboda ƙwaƙwalwa tana jinkirin dawowa fiye da lambar da ke kan na'ura. Ya gaya wa jami'in halin da ake ciki ya nemi a mayar da shi ƙarshen layi.

Saura batun azumi. In na nafila ne, kamar na Litinin da Alhamis, kana da sararin ɗaga shi zuwa wata rana. In gwajin ya faɗo a cikin Ramadan, to sahur ne karin kumallonka, kuma dokar ba ta canza ba: hatsi da abin riƙe ciki. Ka jinkirta sahur zuwa dab da alfijir, ka ci tuwo ko shinkafa madaidaiciya da ƙwai ko nama ko wake, ka rage gishiri da yaji da soye-soye don suna jawo ƙishirwa, ka rarraba shan ruwa tun daga buɗa-baki maimakon ka ɗura lita guda a minti biyar na ƙarshe, wadda rabinta fitsari za ta zama kafin hantsi. Ka koma ka ɗan runtsa bayan asuba in da hali. Ka isa wurin da wuri don sunanka ya shiga sahun farko, ka nemi inuwa ka zauna, ka bar tsayuwa cikin rana ana hira. Mai azumi tsakanin takwas da sha ɗaya na safe yana nan da ƙarfinsa. Daga ƙarfe biyu zuwa la'asar ne ƙishirwa da barci ke haɗuwa, kuma in layi ya kai ka wannan lokacin kana jin jiri ko idonka na yin dishi-dishi, ka nemi a sake maka rana.